BABI NA UKU: MA'ANA DA ASALIN KALMOMIN SAITA KAYAN KIƊA DA KAMA TASHAR REDIYO A KUDANCIN KANO

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba kalma guda ta Ingilishi, watau "tuner", da kuma abin da Hausawan kudancin Jihar Kano suke faɗa a gurbinta. Yankin da ake magana a kansa ya ƙunshi ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. A Ingilishi kalmar tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce mutumin da sana'arsa ke nan daidaita muryar kayan kiɗa, musamman fiyano, ko kuma abin da yake yin aikin da shi. Ta biyu ita ce sashen nan na cikin akwatin rediyo da yake zaɓo tasha guda daga cikin tashoshi barkatai da ke yawo a iska. Mai fassara idan ya ci karo da kalmar yakan yi saurin yanke hukuncin cewa Hausa ba ta da ita, daga nan sai ya ƙirƙiro wata da babu mai ganewa, ko kuwa ya bar ta Turancin yadda ya same ta. Za a nuna a nan cewa akwai gaggawa a cikin wannan hukunci. Gaskiya ne babu suna guda da ya haɗa ma'anonin biyu, amma akwai tarin kalmomi da suke yin aikin, kuma kowace da hanyar da ta biyo kafin ta iso bakin jama'a.

3.1 Asalin Kalmar a Ƙasar Turai

Tushen kalmar yana cikin Girkanci, inda "tonos" take nufin miƙewar igiya ko ɗamewarta. Daga nan ta shiga Latinanci, ta wuce Faransanci, ta iso Ingilishi a matsayin "tone". A wajejen ƙarni na 14 sai wani lafazin nata ya ware ya zama "tune", aka riƙa amfani da shi ga karin waƙa, daga baya kuma ga aikin ja ko sassauta tsarkiyar abin kiɗa har muryarsa ta yi daidai. Ashe ke nan tun asali maganar igiya ce da ƙarfin da aka ja ta. A shekarar 1711 wani mai busa a fadar Ingila, John Shore, ya ƙera ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda in an buga shi yakan ba da murya guda da ba ta canjawa, aka riƙa gwada sauran kayan kiɗa da ita. Yawaitar fiyano a gidajen Turawa ita ce ta sa daidaita shi ya zama sana'a mai cin gashin kanta, har mai yinta ya sami suna.

Yadda kalmar ta tsallaka zuwa rediyo ya biyo wani abu ne da duk makaɗi ya sani. Idan aka ɗame tsarkiya biyu daidai wa daida, aka kaɗa ɗaya, ɗayar ma takan motsa ko ba a taɓa ta ba. Masu binciken aika saƙo ba tare da waya ba sun gano cewa haka na'urar aikawa da ta karɓa suke: sai an daidaita bugun ta biyun da na ta farkon sannan take amsawa. Oliver Lodge ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1897, Marconi kuma ya yi rajistar tasa a 1900, mai lamba 7777. Da yake ba su da kalmar da za su kira aikin, sai suka ari ta makaɗa. Abin lura a nan shi ne, haɗuwar ma'anonin biyu a suna guda tarihin Turawa ne ya kawo ta. Babu abin da ya wajabta wa wani harshe ya haɗa su.

3.2 Kalmomin Makaɗa

Kudancin Kano ƙasar noma ce da farauta da fatauci, saboda haka kayan kiɗan da aka saba da su su ne gangar noma da kalangun mahauta da na biki, da garayar mafarauta da masu bori, da goge da kukuma na wuraren shaƙatawa. Dajin Falgore da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa ya daɗe da zama matattarar mafarauta, kuma a garuruwan yankin akwai Maguzawa da Fulani da Kurama, kowa da irin kiɗansa. A cikin waɗannan kaya babu wanda ake kai wa wani gwani na dabam ya daidaita. Mai kaɗawa shi ne mai gyarawa, sau da yawa ma shi ne ya haɗa abin da hannunsa. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa ba a sami sunan sana'ar ba, domin babu sana'ar.

Aikin kuwa yana nan, kuma kalmominsa a fili suke. Ana "ɗaure" ganga, ana "ɗame" tsarkiya, ana "tsuke" ta, ana "sassauta" ta. Idan fata ta sha laima, kamar yadda take yi da damina ko da sanyin asuba, sai a ce ganga "ta saki", a kai ta rana ko a kara ta kusa da wuta har ta dawo. Da ta dawo sai a ce "ta yi murya" ko "ta yi zaƙi". Kalmar "tsarkiya" kanta ta baka ce, watau igiyar da maharbi yake ɗamewa kafin ya saki kibiya, aka kuma yi amfani da ita ga kayan kiɗa. Duk wanda ya kwatanta wannan da abin da aka faɗa game da "tonos" zai ga cewa Bagirke da Bahaushe wuri guda suka duba, watau ƙarfin jan igiya, ba tare da ɗaya ya ji daga ɗaya ba.

Kowane abin kiɗa da dabararsa. A garaya da molo ana ɗaure tsarkiya ne a jikin sanda da zoben fata, sai makaɗi ya tura zoben sama ko ya jawo shi ƙasa gwargwadon muryar da yake nema. A goge, wanda tsarkiyarsa izgar doki ce, akwai ɗan itacen da ake kira "jaki" da ke zaune a kan fatar ƙoƙon yana ɗauke da izgar, kuma gusa shi kaɗan yakan canja murya. Kotso da taushi na makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi, ana shafa musu "nake" a tsakiyar fata, wani abu mai danƙo da yake ƙara wa fatar nauyi don amonta ya yi kauri. Da za a nemi abu guda a Hausa da ya fi kusa da ɗan ƙarfen John Shore ta fuskar aiki, to sai a nuna nake da jaki da zoben fata, ko da yake su gyara murya suke yi, shi kuwa gwada ta yake yi.

Kalangu ya bambanta da sauran, kuma shi ne ya fi bayyana matsalar fassarar. Igiyoyinsa sun haɗa fatar bakin nan da ta wancan, makaɗi yana rungume da shi a hammata. In ya matsa, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Da haka kalangu yake bin karin sautin Hausa, sama da ƙasa da faɗuwa, har mai sauraro ya gane taken wane ake yi ko kirarin wane ake kaɗawa. Ke nan abin da Bature yake gamawa kafin a fara kiɗa, mai kalangu yana yinsa ne a cikin kiɗan, a kan kowace gaɓa. Masu kiɗan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, misali ne da kowa ya sani a faifai da kaset. Bugu da ƙari, babu wata murya tsayayya da aka amince duk kalangun ƙasar Hausa su bi. Turawa sun yi taro a Landan a 1939 sun tsai da murya mai bugu 440 a daƙiƙa ta zama ma'aunin kowa. Ma'aunin makaɗin Hausa kuwa shi ne maƙogwaron ubangidansa mawaƙi da kuma sauran gangunan da ke gefensa.

Akwai wani abu na nahawu da ya kamata a ambata. Hausa tana da hanyar gina sunan mai aiki da na kayan aiki ta ɗafa "ma-" a gaba da "-i" a baya, kuma karin sauti ne kawai yake raba su. "Makaɗi" mai karin sama, ƙasa, sama shi ne mutumin, "makaɗi" mai karin sama duka shi ne sandan da yake dukan gangar da shi. Haka "ma'auni" yake, mai awo da kuma abin awon. Saboda haka harshen yana da ƙirar da za ta ɗauki ma'anonin "tuner" guda biyu cif, har ma ta fi ta Ingilishi tsabta tun da tana bambance mutum da kaya. Jama'a ne dai ba su ga buƙatar gina kalmar ba.

3.3 Akwatin da Ba a Murɗawa

Dalili na biyu yana cikin tarihin rediyon kansa. Irin rediyon da gwamnatin mulkin mallaka ta fara kawowa Nijeriya ba shi da sashen zaɓen tasha ko kaɗan. An buɗe shi a Ikko a 1935, ya zo Kano a 1944. Ofishi guda ne yake kamo shirye-shirye, sannan ya tura su ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidajen masu biyan kuɗin wata da kuma wuraren taruwar jama'a. Abin da mai gida yake iya yi shi ne ya kunna, ko ya kashe, ko ya rage ƙara. Daga nan ne "akwatin rediyo" ya samo sunansa, kuma lallai akwati ne na katako da lasifika a ciki. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, shekara 10 kafin wannan akwati ya iso Kano, saboda haka ba wurin neman kalmomin rediyo ba ne.

Wayar nan ba ta fita birni ba. Mutumin Bebeji ko Kiru sai in ya shiga Kano cin kasuwa yake jin akwatin yana magana. Rediyon da yake kama tasha da kansa a wancan zamani mai kwalabe ne a ciki, ga tsada, ga cin batir, sai hakimai da manyan attajirai da Turawan haƙar kuza irin na Riruwai. Abin da ya sauya al'amarin shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai amfani da ita a 1954. Kafin ƙarshen shekarun 1960 rediyo mai batirin tocila ya shiga ƙauyuka, manomi yana rataye shi a reshen bishiya, Bafulatani yana saɓe da shi a bayan shanu.

Zuwansa ya dace da yawaitar tashoshin da ke magana da Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris, 1957, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa, ya buɗe a 1962. Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. A lokacin ne maɓallin zaɓen tasha ya zama abin da ake taɓawa kullum, kuma aikatau ɗin da jama'a suka ba shi shi ne "murɗa". Kalma ce tsohuwa, ta murɗa igiya da murɗa wuyan kaza da murɗa kambu, ba ta da wata alaƙa da kiɗa. Hannu ta duba, abin da yatsu suke yi. Sakamakon murɗawar kuma shi ne "kamawa": an kama Kaduna, Landan ba ta kamu ba, wannan akwati yana da kamu. A nan tasha ta zama kamar abin farauta, mai iya kuɓucewa, kuma duk wanda ya taɓa bin tasha mai nisa da dare tana zuwa tana ɓacewa ya san kalmar ta dace.

Darajar maɓallin ta fi fitowa a ranakun tashin hankali. Ranar 15 ga Janairu, 1966, daga gidan rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa bayan kisan Sardauna. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, daga gidan rediyon Ikko Laftanar Kanar Dimka ya yi nasa bayan kisan Janar Murtala. A irin waɗannan ranaku tashar gida tana hannun wanda ya ƙwace ta, mai akwatin waya na 1944 da sai abin da aka ba shi. Mai taransista kuwa yana iya murɗawa ya ji abin da Landan take cewa, ya dawo ya auna.

Ta ciki, abin da ake murɗawar wasu faifan ƙarfe ne sirara da suke shiga tsakanin juna, kuma gwargwadon shigarsu gwargwadon bugun da akwatin zai amsa. Zare ne ya haɗa maɓallin da faifan da kuma "allura" ko "tsinke" mai tafiya a kan lambobi. In zaren ya saki, sai a yi ta murɗawa allura ba ta motsi, har sai mai gyaran rediyo ya buɗe ya ɗame shi. Ko a nan ma ba a rabu da igiya ba.

3.4 Tasha da Zango da Mita

"Tasha" ararriya ce daga "station" ta Ingilishi, kuma da jirgin ƙasa ta shigo, wanda ya iso Kano a 1911. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa ƙasar Kiru, akwai tasha a Ɗangora. Daga jirgi kalmar ta koma kan mota, sannan ta hau rediyo. Mutumin yankin da ya san tasha a matsayin wurin da ake tsayawa a kan hanya bai sha wahalar gane lambobin da allura take tsayawa a kansu ba.

"Zango" ta fi ban sha'awa, domin ta gida ce. Zango shi ne masaukin ayari, kuma shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Bebeji gari ne na Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma shi kansa ya bi wannan hanya kafin ya koma cinikin gyaɗa. A irin wannan gari lissafin nisa da zango ake yinsa. Da ma'aikatan sassan Hausa suka buƙaci faɗin tsawon igiyar rediyo, watau tazarar da ke tsakanin tudun bugu guda da na gaba, sai suka ce "gajeren zango" da "matsakaicin zango". Fassara ce da ta zauna daram, har yawancin masu sauraro ba su ɗauke ta fassara ba. Sai dai tana da ɗan ruɗani, domin gajeren zango shi ne mai cin dogon nisa, shi ne ya riƙa kawo Landan da Kolon, saboda yana tashi sama ya dawo ƙasa can nesa.

"Mita" kuwa awon wannan zango ne. Ana samunta ta raba 300,000 da yawan kilohaz na tasha. Alal misali, Rediyon Kaduna ya yi shekaru yana watsa shirye-shiryen Hausa a kan kilohaz 6090, wanda in aka yi rabon zai ba da mita 49 da 'yan kai. Shi ya sa "mita 49" ta zauna a kunnen mutanen Arewa. Tsofaffi da dama da ba su yi boko ba sun haddace mita 16 da 19 da 25 da 31, sun kuma san wadda take kamuwa da safe da wadda sai dare.

3.5 Saiti

Kalmar da ta fi kusa da haɗa kiɗa da rediyo a Hausar yau ita ce "saiti" da aikatau ɗinta "saita". Ana saita tasha, ana saita jita da fiyanon situdiyo, ana saita agogo, har akan ce wane "ba shi da saiti". Kalmomin Ingilishi biyu ne suke takarar zama tushenta, "set" da "sight". Ta farko tana da goyon bayan ma'ana, kuma ita ce a cikin "saitin kujeru" da "saitin kwanuka". Ta biyu tana da goyon bayan sauti, domin tagwan wasalin "ai" yakan fito ne daga kalmomin da suke da shi tun a Ingilishi, kamar "laita" daga "lighter". Ga kuma tarihi. "Sight" ita ce 'yar alamar kan bindiga da soja yake duba abin hari ta cikinta, Hausa kuwa ita ce harshen bariki a rundunar Turawan mulki, kuma dubban 'yan Arewa sun je yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945. Hanyar da ta kawo "soja" da "kofur" da "saje" da "fareti" ba za ta gaza kawo "saiti" ba. Har yau ana cewa "ya saita shi da bindiga", ma'anar da "set" ba ta da ita.

Abin da ya fi ƙarfi a nan shi ne, "sight" ce ta fara shigowa da ma'anar auna hari, daga baya "set" ta zo ta tarar da gurbin, suka narke suka zama kalma guda. Allurar rediyo ta taimaka wajen narkewar, tun da mai neman tasha yana kai tsinke ne kan lamba kamar yadda maharbi yake kai bakin bindiga kan nama. Da kalmar ta zauna sai ta bi ƙa'idar Hausa: "saiti" ya haifi "saita" kamar yadda "canji" ya haifi "canja", aka kuma sami "saitu" da "saito" da "saice".

Shigowar tashoshin FM masu zaman kansu, tun daga Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003, ta rage amfani da "mita" da "zango", domin lambar tasha ake faɗa kai tsaye. A garuruwan da ke bayan duwatsun Riruwai, inda igiyar FM mai tafiya miƙe take wuyar isa daga birni, gajere da matsakaicin zango sun fi daɗewa. Rediyon cikin wayar hannu ba shi da zare ko allura, dannawa ake yi ya nemo tashoshi da kansa, kuma matasa "saita" suke cewa ko "nemo". Duk da haka mai gabatar da shiri, in zai tafi talla, yakan roƙi masu sauraro kada su murɗa akwatinsu.